Yadda Na Dawo wa Yaya da Ɗansa

Tun da na dawo daga Italiya mutanen majalisarmu ta bakin gadar kanal suka hana ni sakat. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Malam Garba, yaya ƙasar Turawa? Da gaske ka ga wasan Nura da idonka?" Na ba da labarin kare, na ba da labarin taliya, an yi dariya har an gaji, amma akwai inda nake kaiwa in duba rana in ce lokacin salla ya yi. Yau na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa, mai karantawa ya karanta a bar ni in ji da ɗiban tumatir ɗina.

Asalin tafiyar ba ta wasa ba ce. Ƙungiyarmu ta manoman rani ce ta samu kujera biyu zuwa wani baje kolin injinan noma, aka ce in je a matsayin shugaba, Alhaji Sabo na Garun Malam ya bi ni a matsayin sakatare, tunda shi ne mai Turanci a cikinmu. Da labari ya kai kunnen yayana Malam Idi sai ya aiko a kira ni, saboda ɗansa Nura yana ƙasar.

Ga wanda bai san Nura ba, shi ne ɗan Yaya na fari. An kai shi birni ya yi sakandare, maimakon ya dawo da takarda sai ya dawo da wata rariya mai mariƙi, wai tanis yake bugawa. Daga nan wani koci ya ɗauke shi, yau Legas gobe Masar, har ya ɓulle Turai, shekara bakwai ke nan. Wani kulob ne ya ba shi ɗaki yake kuma tsaya masa a kan takardun zama, bisa sharaɗin ya riƙa tara maki a gasa. A shekarar makin bai kai ba, kuma gasa ɗaya ta rage masa. In ya shiga cikinta ya ci ko wasa ɗaya ne za su sabunta masa, in bai shiga ba sai ya tattara ya dawo Bunkure.

Yaya ya ce, "Garba, ka je ka gan shi. Ka ce masa ƙafata ta daina jure ruwa, gonar bakin kanal tana jiran mai ita. Amma kada ka matsa masa, na yi masa alkawari sai ya ga ƙarshen shekarar nan."

Ni kuwa a raina na riga na yanke hukunci. Namiji mai shekara ashirin da shida, jikan alaramma, yana bin ƙwallo da gajeren wando alhali ubansa yana roƙon 'ya'yan maƙwabta su buɗe masa ruwa? Na ce, "Yaya, bar ni da shi."

Wahala ta fara tun daga hoton biza. Sau uku ana dawo da nawa, wai in cire hula, wai kunnuwana ba su fito ba. Na ce da mai hoton ya tambaye su ko kunnen ne zai yi tafiyar. Ranar tashi muka kama hanyar Abuja da sassafe, mota ta yi faci kafin Zariya, direba ya fito da safaya sai ga ta ta fi ta ƙasan laushi. Alhaji Sabo ya zauna a kan jakarsa a bakin titi yana duba agogo yana cewa an ce jirgi ba ya jiran kowa. Na ce masa ai ba mutuwa ba ce, ko na Hajji ma da muka raka maniyyata mun jira shi kwana uku. Da ƙyar muka iske shi ana rufe ƙofa.

A bakin iyakar ƙasarsu, wato cikin filin jirgi, aka yi mana tarbar da ba zan manta ba. Uwar Nura ta haɗa masa tsaraba: kilishi, kuka, daddawa, yaji da kauɗar tumatir. Muna cikin layi sai ga wani ɗan sanda da kare mai jiƙaƙƙen hanci, karen ya wuce kowa ya zo ya sa hancinsa a babbar rigata, rigar da nake salla da ita. Na yi tsalle gefe ina salati, su kuwa suka ɗauka rashin gaskiya ne, suka kai ni wani ɗaki. Kilishi dai suka jefa shi a kwandon shara a gaban idona. Kuka suka yi ta juyawa suna tambayar garin mene ne wannan kore. Da wata ma'aikaciya ta kwance ƙullin daddawa, ita da kanta ta ɗaure ta miƙo mini ta nuna mana ƙofa. Kauɗar tumatir ce ta ba su dariya, wai mutum ya kawo tumatir ƙasar tumatir.

To, na ci tumatir ɗin nasu. A masauki aka kawo mana taliya da cibiyarta ba ta dahu ba, an zuba mata jar miya ba attaruhu ba albasar kirki. Da a gidana aka yi wannan girki da an ji kanmu. Na nemi shayi aka kawo wani baƙin abu a ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba, mai ɗacin maɗaci. Ɗakin kwana kuwa in ka shimfiɗa darduma sai ka ɗaga kujera ka ɗora a kan gado, kuma duk gidan ba buta, sai gorar ruwa muka huda. Mutanensu ka yi musu sallama su dube ka kamar ka tambaye su hanyar Madobi. Baje kolin da muka je dominsa ba sai na ɓata takarda a kansa ba. Injina ne manya waɗanda ko ɗaya ba zai iya juyawa a gonata ba tare da ya taka ta maƙwabci ba. Muka karɓi takardu masu hotuna, muka yi hoto a gaban wata tarakta, aka gama.

Rana ta huɗu muka hau jirgin ƙasa zuwa garin da ake gasar, tafiyar awa uku. Nura ya tare mu a tasha. Ya rame, ya yi tsawo, hannunsa na dama ya fi na hagu kauri, amma tarbiyya tana nan, domin a gaban Turawan nan ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baffa, sannu da hanya. Yaya Baba? Yaya Inna?" Ban ɓoye ba, na ji daɗi. Na so in sauke masa saƙo a nan take, Alhaji Sabo ya taka mini ƙafa ya ce in bari yaro ya yi wasansa tukuna.

Ashe ma ba a cikin gasar yake ba. Nura ya yi mini bayani cewa manyan 'yan wasa sunayensu na cikin jeri tun farko, ƙanana irinsa sai sun yi wasan share fage, wanda ya ci biyu ya shiga. Ya riga ya ci ɗaya kafin mu zo, saura ɗaya da la'asar ɗin nan.

Filin wasan a cikin ɗaki yake, wani makeken zaure mai rufi, ba rana ba iska, an kunna fitilu da tsakar rana an hura zafi na ƙarya. Ƙasa shuɗiya, an ja raga a tsakiya, alƙali ya hau wata doguwar kujera. Mutane sun cika benci amma tsit kake ji, ko zaman makoki ya fi wurin hayaniya. Na yi gyaran murya sau ɗaya wata tsohuwa ta juyo ta sa yatsa a baki. 'Yan wasan kaɗai aka yarje wa ƙara, su kuma ƙartai ne majiya ƙarfi, kowa ya bugi ƙwallon da ba ta kai lemon zaƙi ba sai ya yi nishi kamar ya ɗaga buhun shinkafa. Kafin ya buga sai a ba shi ƙwallo uku ya jujjuya su, ya mayar da ɗaya, alhali duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An buga sau biyu ya je ya goge fuska da tawul. An ɗan jima ya zauna ya ci ayaba. Lissafinsu kuwa daga sifili sai sha biyar, daga nan talatin, daga nan arba'in. Na ce da Alhaji Sabo wanda ya ƙirƙiro wannan ƙidaya bai taɓa zuwa makarantar allo ba.

Nura ya fito da wani ɗan ƙasar. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, yaron ya iya abin. Yana gudu yana zamewa yana dawo da ƙwallon da na riga na ce ta tafi. Ya ci zagaye na farko, aka cinye shi na biyu, na uku suka yi ta ja har na tsinci kaina ina jan carbi da sauri ban san lokacin da na fito da shi ba. Kusan awa uku ana abu ɗaya, a ƙarshe ƙwallonsa ta taɓa bakin raga ta faɗo ta gefensa. Ya je ya ba abokin karawarsa hannu yana murmushi. Zuciyata ta yi zafi, amma can ƙasa na ce shi ke nan, Allah ya yanke wahala, gobe sai mu yi maganar gida.

Washegari na same shi a wani lungu a bayan filin, yana zaune a kan benci da kayan wasa a jikinsa da jaka a gabansa. Kusa da shi akwai wasu mutum uku, ɗaya dogo mai jan gemu da tulin ayaba a cinya. Na ce, "Kai kuma me kake yi a nan? Ba an kayar da kai ba?"

Ya ce, "An kayar da ni, Baffa, amma da saura. Mu da muka faɗi a wasan ƙarshe na share fage muna sa hannu a takarda kowace safiya, mu zauna. In wani daga cikin manyan ya ji ciwo ko ya janye kafin ya buga wasansa na farko, sai a kira ɗayanmu ya maye gurbinsa. Ni ne na farko a jerin, wannan mai gemun ne na biyu. Amma dole in an kira a same ka a kusa, a shirye."

Na ce, "Wato zaman jiran wani ya karye kuke yi."

Ya yi dariya ya ce, "Haka dokar take, Baffa. Har suna gare mu, wai faɗaɗɗu masu sa'a."

Ban taɓa jin abin da ya ƙona mini rai irin wannan ba. A wajenmu ɗan kokawa in bayansa ya taɓa ƙasa kaɗe rigarsa yake yi ya bar fage, ba ya rakuɓewa a gefe yana addu'ar cikin wani ya ɗauri ruwa. Na san dai ana cewa faɗuwar wani tashin wani, amma ban taɓa ganin inda aka buɗe mata rajista ana sa hannu ba sai a nan. Ranar haka suka wuni, huɗu reras, ana wucewa ana kallonsu, mai jan gemu yana ta ɓare ayaba. Ba wanda ya karye, ba wanda aka kira.

Rana ta biyu ta zaman jiran ita ce ta tafiyarmu, jirgin ƙasan da za mu hau na ƙarfe biyu na rana ne, kuma har lokacin ban isar da saƙon Yaya ba. Kowa a nan ya san maganar gaske a wajen rakiya ake yin ta. Baƙo ya ci ya sha an yi hira, sai an taka masa an fita daga idon mutane sannan ya ce, dama abin da ya kawo ni ke nan. Da azahar na shiga lungun na ce, "Nura, tashi ka taka mana zuwa tasha."

Ya miƙe tsaye, ya dubi ƙofar ofishin alƙalai, ya dube ni. Ya ce, "Baffa, ka yi mini afuwa. Yau ce ranar ƙarshe ta zagayen farko na gasar, saura wasa uku ba a fara ba. In aka kira ba na nan, na bayana za a ba."

Na ce, "Jiya wa aka kira?"

"Ba kowa."

"To yau ma ba kowa. Waɗannan ƙosassun da na gani, wa zai kwanta maka ciwo a cikinsu?"

Alhaji Sabo ya ce, "Haba Malam Garba, ƙyale shi mana, ai mun san hanya."

Na ce, "Alhaji, ba hanya ce ta ɓace mini ba. Saƙon ubansa ne a bakina, kuma ba zan faɗe shi a lungun da ke warin takalmi ba." Na juya wajen Nura na ce, "Na taso tun daga Bunkure, kare ya shinshine ni saboda kai, tafiyar minti goma ce ta gagare ka? Ko Turai ta cinye har da wannan?"

Ya shiga ofishin ya tabbatar suna da lambar wayarsa, ya fito ya ɗauki jakata ya saɓa a kafaɗa, muka fita.

A tasha muka samu benci, Alhaji Sabo ya matsa gefe ya ba mu wuri, na fara. Na kawo maganar ƙafar Yaya, na kawo ta gona, na kawo ta ƙannensa mata da suka yi aure shi ba ya gida. Yana saurare amma wayar tana hannunsa, jim kaɗan ya saci kallonta. Raina ya ɓaci na ce, "Ina magana da bakin ubanka kana kallon waya? Sa ta a aljihu." Ya sa. Na ci gaba, kuma kun san ni in na samu fage. Na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce masa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ina cikin wannan na ji wayar tana gurnani a aljihunsa. Hannunsa ya motsa, na kafe shi da ido, ya mayar da hannun kan gwiwa. Ta yi shiru, ta sake, ta yi shiru, ta sake ta uku. Kansa yana ƙasa yana cewa, "Haka ne, Baffa. Na ji, Baffa." Ni kuwa ina jin daɗin yadda maganata take shiga.

Sai da jirgi ya shigo na shafa fatiha. Ya ciro wayar ya duba, ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar. Na ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ba komai, Baffa." Ya hau da jakata ya ɗora ta a sama, ya sauka ya tsaya a bakin taga ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. A gaida Baba da Inna."

Ba mu yi awa ɗaya da tashi ba Alhaji Sabo, da ke ta latsa wayarsa, ya yi salati. Ya ce ɗaya daga cikin manyan ya murɗe ƙafa wajen motsa jiki ya janye, an sa mai jan gemu a gurbinsa, yanzu haka yana cikin fili. Na ce ya duba da kyau. Ya ce, "Malam Garba, ga sunansa nan, ga tutar ƙasarsu."

Sauran sakamakon a gida na ji shi, domin Alhaji Sabo bai tausaya mini ba, kullum sai ya bugo. Mai jan gemu ya ci wasan farko cikin sauƙi, don wanda aka haɗa shi da shi ma ba wani gwani ba ne. Ya ci na biyu. Ya ci na uku bayan an kai ruwa rana. Ranar Asabar ya ci na kusa da ƙarshe, ranar Lahadi ya tsaya a wasan ƙarshe da babban gwanin gasar, a nan aka cinye shi, aka ba gwanin kofi shi kuma aka ba shi faranti. Alhaji ya turo mini hotonsa yana ɗaga farantin yana washe baki. Ban ce Nura zai kai inda ya kai ba, wannan sanin Allah ne. Amma shi ba faranti yake nema ba, wasa ɗaya kawai yake buƙata.

Bayan wata biyu kulob ya karɓi ɗakinsa, Nura ya sauka a Kano da jaka biyu. Da ubansa ya tambaye shi yadda aka yi, cewa ya yi, "Ba rabo ne, Baba, an kayar da ni a share fage." Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya kama hannuna a gaban jama'a ya ɗaga ya ce, "Ku taya ni gode wa Garba. Shekara bakwai ina kira ba a amsa ba, shi ya je sau ɗaya ya dawo mini da ɗana." Mutane suka yi ta sa mini albarka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban iya buɗe baki na ce ba haka aka yi ba.

Har yau ina nan a kan bakana, wasan nan wasan banza ne, ƙidayarsa ta mahaukata ce, taliyarsu kuma ba ta dahuwa. Amma yaron nan shekara bakwai ya zuba a ciki, kuma ba Bature ne ya fitar da shi ba, ba raga ba ce, ni ne da bakina da son a taka mini.

Shekaranjiya da hantsi na bi ta gonar Yaya na same shi shi kaɗai, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya sa tiyo a kanal yana jawo ruwa cikin fangali. Ya gan ni ya ajiye fartanya ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Da ma ya ɗaure mini fuska ko sau ɗaya ne da na samu sauƙi. Na tsaya a kan kunyar gona na daɗe ina neman ta inda zan fara, can na ce, "Nura, maganar wayar nan ta tasha..."

Ya ɗauki fartanyarsa, ya dubi ƙafata ya ce, "Baffa, ɗan matsa kaɗan, ruwa zai jiƙa maka takalmi."

Na matsa.